Misalan da Na Cika Allo da Su

A shekarata ta farko ta koyar da Turanci a Shagari, ɗaki guda na kama, ban san kowa ba sai mai shayi. Amma a aji ina ji da kaina. Ranar da zan koyar da jimlolin "da a ce" na Turanci, sai na rufe littafi, wai ni misalai daga kaina za su fito.

Suka fito kuwa. Da a ce ina da mai yi mini girki, da na huta da burodi. Da a ce Inna ta baro Boɗinga, da na sami abokin hira. Da a ce wani zai kira ni, da wayata ta yi amfani. Allo ya cika, ina ta yaba wa kaina. Don ƙarin gwaninta, na ce kowa ya fassara wa iyayensa a gida.

Washegari na tarar da kwanon tuwo takwas a ƙofar ɗakina. Shugaban makaranta ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ashe haka kaka hwama?"

Shekara shida ke nan. Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya ɗaga murya: "Malam Da-a-ce, an kira ka?"

Nakan yi dariya. In na wuce su, sai in duba wayar.