Yadda Na Zama Mai Yawa

Da bankin farko ya hana ni katin bashi, sai na kasa zaune na kasa tsaye. Na nufi wani bankin a titin Huanshi Lu na garin da na zo fatauci a ƙasar waje, wanda katinsa ke mayar da ɗan canji kan kowace sayayya. Tafinta kuwa na ce ba na buƙata.

Ma'aikaciyar ta duba takarduna, ta yi murmushi, ta ce, "Meyo."

Ni "mai yawa" na ji. Nan take na haɗa wa abokan kasuwanci walima.

Alhaji Sabo, daɗaɗɗe a garin, ya saurari labarina, ya ajiye cokali. "Malam, meyo ai babu ke nan a yarensu. Walimar me muke ci?"

Na biya, ko sisi bai dawo ba. Har yau Mai Yawa suke kirana.