Makirifon da Ba Ya Jin Kowa Sai Injiniya

An kashe wa Malama murya ranar da ta yi bankwana da makarantar da ta koyar shekara talatin da huɗu. Minti arba'in tana jawabi a gaban kyamara, tsofaffin ɗalibanta sama da ɗari uku suna kallo kai tsaye ta wayoyinsu daga garuruwa daban-daban, babu wanda ya ji kalma ɗaya daga bakinta. Leɓe kawai suka gani yana motsi.

Kada dai wani ya yi gangancin ɗora wa Injiniya Sai-Ni laifi. Ina, wane mutum. Shi ne Babban Jami'in Watsa Shirye-shirye na makarantar, muƙamin da ya ƙirƙira da kansa, ya buga a kati, ya rataya a wuya. Kafin wannan ɗaukakar shi ke kula da ɗakin kwamfuta, wato shi ke riƙe da makulli. Injiniyancin kuwa ya samo shi ne a wani kwas na kwana biyar. Ya halarci uku, ya ce sauran biyun maimaici ne ga mutum irinsa. Duk abin da ya lalace a makarantar, daga agogon bango har injin kwafi, maganarsa ɗaya ce: "Ku matsa, wannan sai ni." Nan sunan ya samo asali, shi kuma har gobe a zatonsa yabo ne.

Ga kuma murya, tubarkalla. In ya yi sallama a bakin get, 'yan ajin ƙarshe ke amsa masa. Ita kuwa Malama tun da take ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Da haka ta riƙe aji duk shekarun nan: tana magana a hankali, dole yaro ya yi shiru ya miƙo kunne.

Ƙanwarta, wadda kowa ke kira Anti Nas, daga aikin safe ta taho, ko farin takalmin asibiti ba ta cire ba. Ita ta san abin da jawabin nan ya ci. Sati uku Malama tana rubuta shi a teburin cin abinci, tana gogewa, tana tuno sunayen yaran da yanzu wasunsu sun yi furfura. Saboda haka Anti Nas ta ja kujera ta zauna daf da teburin Injiniya, wayarta a hannu, don ta ga abin da na nesa ke gani.

Injiniya ya fara da gwaji. Ya sunkuya kan makirifon, ya gyara katin wuyansa don ya fuskanci kyamara.

"Gwaji, gwaji. Jama'a na gida da na waje, mai magana da ku shi ne Babban Jami'i. Yau za ku ga aiki irin na zamani."

A allon kwamfutarsa wani koren layi ya yi tsalle har ƙarshe. Ya juyo ya dubi jama'ar da ke zauren taron kamar wanda ya sauke jirgi lafiya. Ya yi wa Malama nuni da hannu cewa ya ba ta izini.

Malama ta buɗe takardarta ta soma. Koren layin ya kwanta, ko motsi bai yi ba. A wayar Anti Nas saƙonni suka fara zubowa a ƙarƙashin hoton: babu sauti, ba ma ji, a duba makirifo.

"Malam," in ji Anti Nas, "sun ce ba sa ji."

"Injiniya," ya gyara mata. "Kuma matsalar daga wajensu take. Yawancin mutane ba su iya riƙe waya ba."

"Mutum ɗari uku?"

Ya yi mata kallon tausayi, ya tashi. Ya zare wayar makirifon, ya hura mata iska, ya mayar. Ya sunkuya ta gefen kafaɗar Malama, tana tsakiyar labarin ajinta na farko, ya ce, "Gwaji, ɗaya, biyu." Layi ya yi tsalle. Saƙonni suka ce yauwa, ya dawo. Ya koma kujerarsa yana kaɗa kai, ya ce wa shugaban makaranta, "Ranka ya daɗe, ka ga amfanin ajiye ƙwararre."

Malama ta ci gaba, layi ya sake kwanciya.

Daga nan aka shiga bincike na ilimi mai zurfi. Da farko ya gano cewa batir ne, ya canza, ya yi gwaji, ya yi aiki. Sai ya gano cewa fankoki ne ke kaɗa sautin suna fitar da shi ta taga. Aka kashe fankoki, zauren ya koma kamar ɗakin guga, manyan baƙi suna fifita da takardar tsarin taro. Ya yi gwaji, ya yi aiki. Sai ya gano cewa wayoyin jama'a ne ke gogayya da na'urarsa, ya umarci kowa ya kashe tasa. Kowa ya kashe ban da Anti Nas, wadda ta ce in ya isa ya zo ya karɓa. Ya kashe kwamfutar gaba ɗaya ya kunna, na nesa suka yi minti huɗu suna kallon baƙin allo. Duk gyaran da ya yi, gwajinsa na fita tar. Ita kuwa Malama, da yake na cikin zauren suna jin ta, kuma an ce mata an gyara, karatunta kawai take, tana share gumi da gefen mayafi.

Anti Nas ba ta san manhajar watsa shiri ba, amma shekara ashirin ta yi tana kallon layi yana hawa yana sauka a allon asibiti. Ta zuba wa koren layin ido. Injiniya ya yi tari, layi ya tashi. Wani ya ja kujerar ƙarfe, layi ya tashi. Malama ta ambaci sunan wata ɗalibarta da ta rasu, muryarta ta ƙara yin ƙasa, layi shiru.

"Bawan Allah, abin nan ƙara yake ji, ba ya jin magana a hankali. Me ka taɓa a ciki?"

"Hajiya, da allura kika ƙware. Ni na taɓa shiga ɗakinku na ce ga yadda za ku yi?" Sai kuma alfahari ya ci ƙarfinsa, ya kasa yin shiru. "In kina son sani, jiya na sa masa matatar hayaniya saboda ƙarar janareta. Na ja ta har ƙarshe. Duk wani ƙaramin sauti maras amfani, tana datse shi."

"Da muryar wa ka gwada?"

"Da tawa mana. Akwai wadda ta fi ta dacewa?"

"To Yayata ce ƙaramin sautin maras amfani. Sauke abin nan."

Injiniya ya dubi allon. Ya kai hannu, ya janye. Ya buɗe wani shafi, ya rufe. Jiya da ya ja matatar, wani bidiyo yake bi mataki-mataki, yau kuma babu bidiyo, ga mutane. Ya ce zai tuntuɓi wani abokin aikinsa na ƙasa da ƙasa. Ya zaro wayarsa, wadda ashe dokar kashewa ba ta shafe ta ba, ya matsa bayan labulen da ke gefen mumbarin don sirri, taku biyu daga makirifon. Ya yi raɗa, irin raɗarsa.

Layi ya yi tsalle har ƙarshe. Mutum ɗari uku suka ji shi tsaf:

"Kai, don Allah rufa min asiri. Ina ake kashe abin nan? Wallahi ban taɓa buɗe shi ba sai jiya. A'a, ban san sunansa ba, wani ne mai kore-kore. Yi sauri, wata mata ta tsare ni a nan."

Saƙonni suka cika wayar Anti Nas har ta yi zafi. Wani tsohon ɗalibi ya rubuto wurin da za a danna, layi uku kacal. Ta miƙa hannu kan kwamfutar Injiniya ta bi, ta ja matatar ƙasa. Daidai lokacin Malama ta ninke takardarta, ta zauna. Abin da na nesa suka samu daga gare ta shi ne ƙarar kujera.

Injiniya ya fito daga bayan labule, ya ga layi na rawa da tafin jama'a, ya buɗe hannuwa. "Alhamdulillahi. Na ce muku a ba ni lokaci."

A mota Malama ta tambaya ko yaran sun ji wurin da ta roƙe su gafara kan duk wanda ta taɓa tsananta wa. Anti Nas ta ce su bari su isa gida tukuna. Da suka isa ta faɗa mata gaskiya. Malama ta sa takardar a cikin jaka, ta shiga ɗaki.

Washegari da safe Anti Nas ta shiga ofishin shugaban makaranta. Ya nuna mata kujera, ta ce a tsaye za ta yi.

"Ranka ya daɗe, ba faɗa na zo yi ba. Ku kuka ba shi makulli, ku kuka bar shi da katin wuya, saboda haka ku za ku gyara. Ranar Asabar a buɗe zauren nan, a kunna fankoki, a sanar da yaran nan su dawo. Yayata za ta karanta jawabinta daga farko har ƙarshe, kuma da muryarta za a yi gwaji. Shi kuma Injiniya ku ba shi kujera a layin baya, ku ba shi aikin da bai taɓa yi ba: ya yi shiru na minti arba'in."