Ranar da Na Tafa wa Surukina a Aji

Har gobe ba zan manta shekarar da na koyar da Turanci a ajin manya na yamma a Mairuwa ba. Ɗalibaina manoma ne da 'yan kasuwa, ina juya su yadda na ga dama, sai rannan na shiga aji na tarar da baban matata zaune a bencin gaba, ya sha babbar riga, fensir a hannu.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Yana da jika a Fatakwal, Hausarta ba ta wuce "ina kwana" ba, kuma ya gaji da riƙe waya yana murmushi shi kaɗai. Dattijon da ya kai saba'in, bai taɓa makara ba, ko da daga gona ya taso. Ni kuwa mutumin da ko haɗa ido ba ma yi, ta ina zan ce masa ya tashi ya maimaita? Kullum tambaya ta zo kansa sai in tsallake (har tari nake ƙirƙira don kada a lura).

Ranar darasin shekaru, na koya musu cewa idan mutum zai faɗi abin da ya yi yana da shekara kaza, da "at" ake farawa. Wani mai shayi ya ce "on", na yi masa tatas. Sai Baba ya miƙe da kansa, ya gyara hula, ya ce, "On seventy I start school."

Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na ce daidai ne, har da tafi. Mai shayi ya bi ni da kallo, na juya na hau goge allon da babu komai a kansa.

Washegari Baba ya riga kowa zuwa. Ya bari aka cika, sannan ya ba da labarin yadda ya kira jikarsa ya zuba mata jimlar da alfahari, yarinya ta yi ta dariya har uwarta ta karɓe wayar. Bai ɗaga murya ba.

"Malam," ya ce, "a gida ni surukinka ne. A wanga ɗaki ɗalibi nike. Kunyar da ka ji mani, ita ta kunyata ni gaban jikata. In ba ka gyara mani ba, mi ya kawo ni?"

Na so ƙasa ta tsage. Amma wallahi ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba. Ya sa na gyara masa a gaban kowa, ya maimaita har ta zauna.

Tun daga nan na gane akwai kunyar da cuta ce kawai. Yanzu duk kuskuren da Baba ya yi ina gyara masa nan take, sai dai a durƙushe nake yi.