Sallamar da Jirgi Ya Katse

"Lahiya lau, lahiya lau. Ina gajiyar tahiya, mijin banza?"

Marka ce ke amsa gaisuwar jikanta Barau a ƙofar ɗakinta, a sabon matsugunin da aka jibge mutanen ƙauyensu kusa da Maradun, bayan ruwan madatsar Bakolori ya cinye gidaje da gonaki har da kushewa. Wuri ne ƙeƙasasshe, wallahi ko inuwar kirki babu. Barau makanike ne a aikin madatsar, an ɗauke shi a ƙaramin jirgin sama daga Sakkwato zuwa Gusau ya gyara wani inji. Saƙo guda ta ba shi: in sun bi ta saman tsohon garin, ya nemi tsamiyar da aka binne kakansa Nasidi a gindinta, ya yi masa sallama.

"Gajiya? Tsohuwa, mu mutanen sama ba mu gajiya," in ji Barau. "Da kin ɗora tukunya sadda munka tashi Sakkwato, kahin tuwo shi nuna ina Gusau ina shan iska."

"Kai, maƙaryaci! Tahiyar da mijina na gaske kan yi da jaki har takalmi shi tsinke?"

"Shi ya sa nac ce ki rabu da shi ki aure ni. Shi jaki, ni jirgi."

"Wa za ta auri mai warin baƙin mai? Ƙila ma cikin buhu anka sa ka tare da ƙarahuna."

"Kujera anka ba ni, har da ɗamara a ƙugu!"

"Ɗaure ka anka yi, sun san halinka. Ko akuya haka aka kai ta kasuwar Mafara."

Barau ya ƙyalƙyale da dariya. Ita kuwa ta gyara zama ta ce, "To, saƙona hwa? Ka gaida wanda ya hi ka?"

"Ni in gaida mutumin da ya tare mini mata?"

"Barau."

Rabon da ta kira sunansa haka har ya manta. Ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Kaka, na leƙa. Tun daga Mafara goshina na manne da taga. Na ga katangar dam, na ga ruwa. Na buɗe baki na hwara sallama, ban kai ƙarshe ba matuƙin yac ce mun wuce."

"Tsamiyar hwa?"

"Ko reshe. Ruwa ne shimhiɗe, ba ka sanin ina gida ina gona."

Abin tausayi, duk tsawon lokacin nan da begen ko reshen tsamiyar ya tsira tsohuwar take kwana take tashi.

"Kakanka in ya biyo ta kushewa, ko ta baƙi ce, sai ya sauka daga jaki ya tuɓe takalmi ya yi addu'a," ta ce. "Ku kuma kun samo abin da ko sallama ba shi bari a ƙarasa."

"Na ƙarasa ta, Kaka. Bisa garin wasu ta sauka, amma na ƙarasa."

Dariya ta suɓuce mata, hawaye na bin kumatunta.

"Ja'iri! Ka kai gaisuwar mijina ga mamatan wasu!"

Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da tsohuwar hular Nasidi, wadda take ajiye da ita tun ranar da aka kwaso su a mota.

"Ungo. Ina ta jiran ruwa shi janye in koma kusa da shi, ashe ba shi janyewa. Na haƙura, na karɓe ka, ango. Amma ka wanke kan nan tukuna."