Ranar da Na Ci Kwaleji

Ko na manta sunan tsohuwata, ba za ni manta da ranar da na cinye kwaleji guda a hanyar Isa ba.

Wana marigayi shi ya yi boko na gaske. Ni aji ukku na kai, malam ya gaji, ni ma na gaji. Da yana kwalejin horon malamai can birni, ya aiko mini katin gidan waya mai hoton tsohon gininsu, kan sarkin ma hoton ginin ne. Ya ja kibiya da biro bisa wata taga, ya rubuta cewa nan yake kwana. Abin da ya rage mini nashi ke nan duniya.

Jikata Hadiza, amaryata, ta samu shiga wannan kwaleji, sai na ɗauko katin za ni kai mata Isa. A mota daga Sabon Birni na fiddo shi ina ta nuna ma mutane (wai su san gidanmu akwai ilimi). Wani mai sayar da albasa ya leƙa, ya rage murya.

"Baba, hoton makaranta, da kibiya bisa ɗakin kwanan yara? Ai irin shi infoma ke kai ma 'yan bindiga. Ga shingen soja gabanmu."

Na san waɗanda anka ɗauka kan abin da bai kai wannan ba. Wurgarwa ta taga, soja na kallo. Aljihu, a laluba. Na yi bisimilla, na nannaɗe kwaleji na tura baki.

Wani soja dogo ya leƙo, ya tsura ma tsagen fuskata ido.

"Kai Bagobiri, sauko."

Na sauko kumatu cike, ina kalmar shahada a zuci don baki ba wuri.

"Mi ke bakinka?"

"Goro," na ce, ko abin da ya yi kama da haka.

"Tofar."

Na tofar da abin da ban haɗiye ba a tafin hannu. Kibiya ta tafi, taga ta tafi, rubutun wana ya zama kunu. Na shiga rantsuwa cewa ban san kowa a daji ba, har ina lissafa mashi limamanmu.

Ya yi dariya har ya dafa mota. Ashe Bayarabe ne, ya ga tsage ya sauko da ni don wasan da ke tsakaninmu.

"Bawana, gaisuwa kawai za ka yi ma ubangijinka. Yunwa ce ta sa kuka koma cin takarda?"

Ya miƙa hannu ya ɓamɓaro kan sarkin daga gemuna. Shi kaɗai ya tsira.

Shi na kai ma Hadiza. Ta juya shi, ta ce, "Angona, ina sauran makarantar?"

Na ce tana cikina, shi ya sa na fi ta ilimi.

Tun ranar, in za ni yi fariya a mota, sai mun wuce shinge.