Gawon Inna da Hukuncin Farfesa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Biro, wato kwamitin gudanarwa, na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai da Malaman Jami'a 'Yan Dogon Dutsi da Tibiri, da mataimakinsa na ɗaya da na biyu, da sauran masu kujerar gaba a hoto,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙarami ke yi wa manya, ina fatan kun koma Yamai lafiya, kuma lakar gonarmu ta fita daga takalmanku masu daraja.

Ni ce Ruƙayya, malamar kwaleji a Tibiri, ɗaya daga cikin mambobinku na bencin baya. Ni ce kuma wadda rawar kai ta kwasa, shekarun baya, na roƙi mahaifiyata Inna Hindatu ta ara wa ƙungiya gefen gonarta ta Ɗan Kassari don ku yi abin da kuka raɗa wa suna Kurmin Masana. Jiya na karanta a jaridar ƙungiya cewa ran Asabar mai injin yankan katako zai zo ya sare gawon da ke tsakiyar gonar, wai ya mutu. Ku yi mini izini in ɗan yi kuka, cikin ladabi.

Na ɗaya. Ina yaba muku da cika alkawari. Duk uku ga Agusta, ranar dashen itace, sai ga jerin motocinku, daidai lokacin da gero ya kai gwiwa. Ban taɓa ganin direban da ya kuskure kunyar gero ɗaya bai taka ta ba. Inna kan ce fara ma in ta sauka gona tana rage mata wani abu.

Na biyu. Ina jinjina wa tsiminku. Ramukan da kuka haƙa shekarar farko, su kuke sake dasawa har bana. Ku saka ɗan icce, ku zuba masa ruwan gora rabi, mai hoto ya ɗauka, ku shanye sauran rabin. Kafin motar ƙarshe ta hau kwalta awaki sun yi kalaci. Duk da haka jarida takan ce kurmi ya ƙara faɗi. A ina, ranku ya daɗe? Ko akwai wani Ɗan Kassari a cikin kwamfutar sakatare?

Na uku. Abin da ya kama a gonar nan, tsakani da Allah, allunan ƙarfe ne. Kowane rami da allonsa: Dokta wane, Injiniya wance, Farfesa wane da sunayen ƙasashen da ya je taro. Icce ya mutu, allo na nan daram. Masu amalanken jaki da ke wucewa kasuwa sun fara tsayawa suna yi muku addu'ar samun rahama. Na gaji da yi musu bayanin cewa kuna raye.

Na huɗu, kuma shi ya hana ni barci. A wurin taron bana, Farfesa Abdulwahid, uban ƙungiya, wanda ya koyar da rabinmu, ya ɗaga kai a tsakiyar jawabi ya ga gawon tsirara, ba ganye ko ɗaya, alhali duniya ta yi kore shar. Nan take ya yanke hukunci cewa canjin yanayi ya kashe shi, kuma mataccen icce yana ɓata hoton kurmi. Aka yi tafi. Na ga masu tafin da idona, kuma na san gidajen iyayensu. Mataimaki na ɗaya ɗan Matankari ne, a gindin gawo aka yaye shi. Ma'aji ya yi kiwon awaki kafin a sa shi lakwal, makarantar boko. Dukanku kun san gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi tsanani ya rufe da kore. Farfesa dai ya daɗe a birni, kuma fanninsa ba na icce ba ne, mantuwa ba laifi ba ce. Amma ku fa? Wanda Farfesa zai duba masa kundin digiri ya sunkuyar da kai. Wanda ke jiran sa hannunsa don ƙarin girma ya fi kowa ƙarfin tafi. Da na ɗaga hannu, sai aka ce lokacin tambayoyi ya wuce, a matsa a yi hoto. Na tura maganar zauren ƙungiya na waya, aka goge, aka tuna mini cewa ɗalibi ba ya gyara wa malaminsa a bainar jama'a, sannan aka ci gaba da taya wani murnar sabuwar mota. Gaskiyar mutanen da, ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Na biyar. Tunda jarida ba ta da filin irin wannan labari, bari in ba ku shi a nan. Kakana ya tarar da gawon nan tsaye. Geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina a gonar cika zangarniya. In rani ya kai rani, ciyawa ta ƙare, 'ya'yansa ne ke riƙe awakin Inna har ruwa ya sauka, kuma a inuwarsa take hutawa in ta je sharar gona. Tun da ta ji labarin Asabar kallona kawai take yi. Ni na kawo ku, kuma kunyar nan ta ishe ni.

Roƙona ƙarami ne. Ku jinkirta mai inji, ku aiko wakili ɗaya a watan Afrilu ya ɗaga kai ya duba. Na san da wahala. Rana na dukan mutum a lokacin, ba hutu, ba mai hoto, ba dambun nama. In hakan ya gagara, ku aiko da rumfa ɗaya daga cikin naku ran Asabar, don Inna ta ce tun da safe za ta shimfiɗa tabarmarta a gindinsa, ni ma a nan za a same ni, kuma kamar yadda Farfesa ya lura, a wannan wata ba ya da inuwa.

Ina roƙon Allah Ya ƙara muku ɗaukaka, Ya yawaita allunanku. Ku dai yi wa iccen nan irin haƙurin da muke yi da ku. Mu ma sau ɗaya muke ganinku a shekara, ba ganye, ba inuwa, ba 'ya'ya, kuma har yau ba mu aiko muku da mai inji ba.

Taku mai biyayya, mai durƙuso har ƙasa, a kan geron da kuka taka,

Ruƙayya Is'haƙa,
Mambar bencin baya,
Tibiri.