Yadda Za Ka Ɓoye Ciwon Kafaɗa Daga Abokan Jifan Jirgi

Kai mai jifan jirgi, matso kusa. Kafaɗarka ta mutu, gasa ta zo, kuma ba ka so kowa ya sani? Ka zo wurin da ya dace. In ka bi matakan nan sau da ƙafa, ina tabbatar maka ko matarka ba za ta gane ba, balle 'yan filin bakin kogi.

Ka dai san harkar tamu. Ɗan jirgi ne marar inji, ka kama bakin fiffikensa, ka juya kamar mai wulwula majajjawa, ka cilla shi sama, sannan ka tuƙa shi da rimot kana farautar iska mai ɗumi da za ta ɗaga shi. Wanda nasa ya fi daɗewa a sama shi ne gwani. Komai a kafaɗa yake. Gaskiya ne doka ta yarda a jefa wa mai lalura, amma wannan ai na marasa zuciya ne.

Duk dabarun nan a wurin Hiruta aka koyo su, tsoho mai ɗinkin tabarmar ɗaki. Shi ne ya taɓa bugun ƙirji a wurin liyafa ya ce, "Ranar da wani ya jefa mini jirgi, ku sayar da rimot ɗina ku yi mini makoki!" Baki shi ke yanka wuya. A gaban Nagamine ya faɗa, tsohon direban bas, abokin hamayyarsa tun suna da baƙin gashi, mutumin da bai taɓa manta maganar wani ba sai tasa. Yanzu ga kafaɗarsa ta mutu, in asiri ya tonu, Hiruta zai bar filin, domin shi ba ya lashe amansa. Filin nan kuwa shi ne duk abin da yake jira a mako, tsoron rasa shi har abinci yake hana shi ci.

Mataki na 1: Ka ƙaryata likita

Likita zai nuna maka hoton kafaɗarka ya ce jijiya ta yage, kada ka ƙara jifa. Ka rusuna, ka yi godiya, ka fito. Kana isa bakin ƙofa ka tuna cewa mutumin nan ko takalmi bai taɓa jifa ba. Me ya sani? Haka Hiruta ya yi. Ya biya kanti ya sayo filastar ciwon jiki, ya manne kansa tun daga wuya har gwiwar hannu.

Mataki na 2: Ka kashe warin magani

Nan ne ƙananan maƙaryata suke faɗuwa. Filastar nan tana da wari, kuma mota ɗaya kuke shiga zuwa gasa. Ka tanadi abin da ya fi ta ƙarfi. Hiruta busasshen kifi ya buɗe tun da sassafe, ya yi ta tauna.

Nagamine yana tuƙi ya shaƙa, ya sake shaƙa. "Kai, wa ya shigo mana da kantin magani?"

"Kifi ne," in ji Hiruta.

"To, Allah ya ba kifin lafiya."

Ka gani? Ya yarda. Mutane ba su da wayo kamar yadda ake tsammani.

Mataki na 3: Ka mayar da gajeren jifa ilimi

Da can jirginka yakan zama ɗigo a sama, yanzu da ƙyar zai wuce kan bishiya. Kada ka yi tsuru-tsuru. Ka tsinki ciyawa ka watsa, ka dubi inda ta bi, ka gyaɗa kai kamar an yi maka wahayi.

Matsalar ita ce a gasar nan abokan hamayya ne ke riƙe wa juna agogo. Wanda zai kayar da kai anjima shi ne yanzu tsaye a bayanka, yana ƙirga maka lokaci yana nuna maka inda iska take. Wannan wace irin gasa ce, don Allah? Mai riƙe wa Hiruta agogo kuwa Nagamine ne, kamar kullum.

Hiruta ya juya, ya cije, ya cilla. Jirgin ya tashi kamar kazar da aka kora.

"Yau iskar kirki a ƙasa take," ya ce, gumi na tsatsafo masa.

"Ƙwarai," in ji Nagamine. "Shi ya sa shirwar can ta hau sama, ita jahila ce. Yi dama, yi dama, tsoho! Ga ciyawa can ta kwanta."

Hiruta ya yi dama, ya sami ɗan ɗumi ya lallaɓa. Ka lura: shawarar iska ana karɓa, wannan haƙƙinka ne. Tausayi ne haramun.

Mataki na 4: Ka yi hattara da masu kirki

Ba maƙiyi ne zai tona ka ba, masoyi ne. Filin nan cike yake da mutanen da ba su iya barin mutum ya sha wahalarsa a natse ba. Kafin ka sunkuya wani ya ɗauke maka akwati. Kafin ka kafa rumfa wani ya kafa. Ka sha toka, ka ce ba ka so.

Da rana Ebina, alƙaliyar gasa, mace mai usur a wuya da murya mai tsayar da kare, ta dafa miya a kan risho kowa ya miƙo kwano. Hiruta ya kama tsinken cin abinci da hagu, dankali ya kuɓuce masa ya gangara cikin ciyawa. Ebina ba ta ko dube shi ba, ta tsoma cokali a kwanonsa ta wuce.

"Ebina-san, ni yaro ne?"

"Tsinken ne ya ƙare, Hiruta-san."

Ga tsinke nan dami guda a kan tebur. Amma kada ka zurfafa bincike, mai ɓoyo ba ya tambaya.

Mataki na 5: Ka guji gidan wanka

Gasar kwana biyu ce, kuma da yamma kowa sai ya tafi wankan ruwan zafi, tsirara, ɗan tawul a ka. A can babu sirri. Ka ce za ka duba batir. Hiruta ya zauna shi kaɗai a masauki yana jiyo dariyarsu ta bayan katanga, kewa ta kama shi sosai. Da suka dawo ya tarar da sabon kwalin filasta a cikin takalminsa, mai ƙarfi, marar wari. Ya ce lalle wani ne ya yi ɓatan kai. Ya manna ta dai, don kada ta lalace.

Mataki na 6: In ramin ƙarya ya ƙure

Washegari, ana tsakiyar zagaye, Hiruta ya juya zai cilla, hannun ya ce bai san zancen ba. Jirgin ya daki ƙasa, fiffike ya tsage, shi kuma ya zube a kan gwiwa.

A nan sai ka ɗora wa ciyawa laifi. "Santsi," in ji Hiruta.

Babu wanda ya saurare shi. Mutanen da ke neman kayar da shi sun riga sun yi wa jirgin caa, wannan da gam, wancan da faci, wani na hurawa da baki. Kafin zagaye na gaba jirgi ya warke. Mai jirgin ne bai warke ba. Ya tsaya a fili, rimot rataye a wuya, jirgi a hannun da ba ya ɗaguwa, ya san shi ke nan. Ya buɗe baki zai ce ya janye.

Usur na tashi Nagamine ya fizge jirgin, ya juya, ya wulwula shi da ƙarfin da ko nasa bai taɓa samu ba, ya saita kogi.

"Ni dai na cilla. Ka tuƙa ko ka bar shi ya sha ruwa, ruwanka!"

"Ɗan banza! Wa ya sa ka? Doka fa?"

"Alƙaliya ta yarda tun jiya da safe, kowa ya yarda. Tun daga kifin nan naka marar lafiya. Kai, dubi sama! Hagu, bi shirwa!"

Bakin Hiruta na zagi, yatsunsa na aikinsu. Jirgin ya shiga ƙarƙashin shirwa, ya kama ɗumi, ya yi ta kewayawa yana hawa har ya zama ɗigo. Rabonsa da ganin jirginsa a can tun kafin bazara. Idanunsa suka kawo ruwa, ya ce rana ce. Makin da ya samu kuwa shi ya ture Nagamine daga zagayen ƙarshe, kuma Nagaminen ne da bakinsa ya karanta lokacin, yana tsaki.

Mataki na 7: Ka halarci makokinka

Alkawari kaya ne. Jirgi na sauka suka jeru a gabansa, suka haɗa tafuka, suka rusuna kamar a gaban gawa. Wani ya ce marigayin mutumin kirki ne, taurin kai ne ya kashe shi. Ebina ta cire masa rimot daga wuya ta ɗaga. "Wasiyyar mamaci ce. Wa zai saya?"

"Ni," in ji Nagamine, ya dire mata dunƙulen shinkafa guda, wanda ya riga ya gatsa. Ya karɓi rimot ya juya shi, sannan ya rataya wa Hiruta. "Aro na ba ka. Duk Lahadi ka kawo mini kayana fili in gani. Ka yi fashi sau ɗaya, ɓarawo ne kai."

Hiruta ya sunkuya ya gyara zaman rimot a wuyansa. Da ya ɗago sai ya ce, "Jifanka ya karkata hagu. Ka gyara kafin Lahadi."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, kuma ba ruwansa da kafaɗar kowa. In ka bi matakan nan asirinka ya tonu, ba dabara ce ta gaza ba, abokai ne da kai, kuma ba ni na zaɓa maka su ba. Duk mai ƙorafi ya same ni a fili ranar Lahadi. Ya zo da gam.